Dangin Haya a Ammariyya

A shekarun da nake tuƙa motar wani kamfanin kaya a Jidda, na zauna a saman wani tsohon bene a Ammariyya, ni da matata. Ɗakunan sun yi mana yawa. Da an sauko daga Arfa kuwa, alhazanmu sai su kwararo Jidda sayen tsaraba kafin jirginsu ya tashi, kuma ba kowa ke jure kwana a sansanin alhazai ba. Nan dabara ta faɗo mini, irin wadda ke faɗo wa mutumin da yake ganin ya fi kowa wayo: in riƙa ba su hayar ɗakunan na 'yan kwanaki.

Da farko na so bin doka, Allah shaida. Na sa farar jallabiya na je ofishin da ke ba da izinin irin wannan haya. Ma'aikacin ya jero mini sharuɗɗa: allo a ƙofar gida, abin kashe gobara, rajistar baƙi, hatimin umda, wato mai unguwa. Ina ta gyaɗa kai kamar duk suna cikin aljihuna. Da ya karɓi iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, ya ga an rubuta direba, sai ya mayar mini cikin ladabi. Ya ce baƙo ba ya buɗe masauki, wanda aka kama kuma sai dai kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya sa hannu a mayar da shi ƙasarsu. Har na kai ƙofa na juyo na ce, to in 'yan'uwana ne suka zo fa? Ya ce ba wanda ya hana mutum saukar da danginsa.

Daga ranar, kafin in ba mutum makulli sai na ba shi dangantaka. Dattijo ya zama kawu, dattijuwa ta zama gwaggo. Na yi kawu Bazabarme daga Yamai, na yi baffa daga Ilorin wanda ko gaisuwar Hausa sai da na koya masa. Bayan la'asar nakan tara su a falo mu yi bita: sunana, sunan mahaifina, garinmu. Matata, haifaffiyar unguwar Sa'alaba ce a nan Jidda, mai bakin tsiya, takan leƙo ta ce, “Wallah danginka sun fi na kowa albarka, amma ba sa tuna ka sai bayan Hajji.”

Ana haka, wata shekara Inna, mahaifiyata, ta zo aikin Hajji, na ɗauko ta na ba ta ɗakin ƙurya. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane. Tun da na yi wayo “wancan” nake a bakinta. In tana son in yi abu, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da bango ne. Ban sa ta cikin bita ba. Me zan koya wa matar da ta haife ni?

Maƙwabcinmu na ƙasa ya gaji. Ruwan tanki kullum ya ƙare saboda wankin alhazai, matakala kuma ta cika da takalma da jakunkunan tsaraba. Ya kai ƙara. Wata hantsi sai ga mai duba gidaje ya ƙwanƙwasa, ya karɓi iƙamata, ya ce yana son ganin fasfon baƙi. Fasfon alhazai kuwa yana hannun masu kula da su, saboda haka ya ce zai tambaye su ɗaya bayan ɗaya, matata na fassara.

Ranar ɗalibaina sun fitar da ni kunya. Kawuna na Yamai ya rungume ni har hulata ta faɗi. Wata gwaggo 'yar Gusau ta rantse ita ta yi mini wankan jarirai, ta zayyano sunana da na mahaifina, ta ƙara da hawaye da ban sa ta ba. Ni kuwa ina tsaye ina hura hanci, har na fara tunanin ƙara karɓar hayar wani hawan.

Sai muka iso ɗakin ƙurya. Inna na zaune kan darduma da carbi.

Matata ta durƙusa ta ce, “Inna, yana tambaya mene ne tsakaninki da mai gidan nan.”

Inna ta ja mayafi ta juya wajen bango.

“Inna, sunansa kawai za ki faɗa, shi ke nan.”

Ta ci gaba da jan carbi. Na ce, “Inna, don girman Allah.” Ko kallona ba ta yi ba. Can ta ce wa matata a hankali, “Ki ce masa ni baƙuwa ce, Hajji na zo.”

Matata ta yi ta bayanin al'adarmu da Larabci, hannu da baki. Mutumin ya yi dariya ya ce wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba? Waɗancan dai ya yarda dangina ne, amma wannan tsohuwar 'yar haya ce ƙarara. Ya jefa iƙamata a aljihu, ya kama wuyan hannuna ya ce, “Yalla,” wato mu tafi. Na riga na hango kaina a cikin jirgi, da jallabiyar jikina kaɗai.

Muna kan matakala, muna tsallake takalma, na ji an kira sunana. Ban waiga ba, na ɗauka cikin gwaggonnin haya ne wata ke ƙara gishiri. Aka sake kira da ƙarfi. Na san muryar, na san sunan, amma ban taɓa jin su tare ba. Na juya, ga Inna a bakin ƙofa ba takalmi, mayafi ya zame.

Ta dubi mutumin ta ce, “Sakar mini ɗa.”

Bai nemi fassara ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya saki hannuna ya ce, “Ummak?” wato uwarka ce? Na gyaɗa kai. Ya miƙo mini iƙamata, ya ce yanzu ya ga uwa, kuma ya gane sauran. Kafin magariba su kwashe kayansu, in ya sake dawowa ya tarar da kawu ko ɗaya, ba zai tambayi kowa komai ba.

Haka masaukina ya mutu. Inna ta shige ɗaki ta wuni ba ta ci abinci ba don kunya. Ranar tafiyarta, a filin jirgi, ta kama hannun matata ta ce, “Ki ce wa wancan ya rage wayo.”

Ba ta ƙara kiran sunana ba har Allah ya karɓi ranta. Ban damu da ɗakunan ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne kiran farkon da ban amsa ba.