Amanar Baba Bulus: Daga Kano Zuwa Romi

Talata: Kano zuwa Kaduna

Tun kafin kiran assalatu maigidana ya kai ni tasha, ina rungume da kula shaƙe da ƙanƙara. Damina ce ta shekarar da soja suka miƙa mulki. Saƙon baki ne ya tayar da ni: wani ɗan kasuwa ya zo har ofishinmu ya ce Baba Bulus na nema na a unguwar Romi da ke Kaduna, in taho da kula, kada in yi jinkiri.

Baba Bulus malamina ne tun a jami'a, mutumin kudancin Kaduna. Duk rayuwarsa a kan tambaya guda ya ƙarar da ita: yadda ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo suke daddatsa furotin gutsi-gutsi, da yadda hanjin ɗan Adam yake zuƙe waɗannan gutsattsarin ko da ya raunana. Burinsa ya samo wa yara masu gudawa abincin da cikinsu zai riƙe. Lokacin soja an kore shi daga aiki saboda yajin malamai, ya tafi waje da ƙwayoyin da ya tara. Farar hula na hawa ya tattaro ya dawo.

Mun yi sallar asuba a hanya. Daga Kano zuwa Zariya shinge bai ƙare ba, sai dai yanzu 'yan sanda ne a maimakon soja. Direbanmu ya ce min, "Hajiya, launin kaki ne kawai ya canza." Da hantsi muka sauka a tashar Kawo, a Kaduna. Na hau bas ta bi ta tsakiyar gari, muka haye gada, kogin ya cika ya yi jajir. Daga nan sai ɗan acaɓa, ni da kular a cinya, cikin taɓo har Romi.

Matarsa, Mama Rifkatu, ita ta tare ni a ƙofa. Ta riƙe hannuna ta ce kada in nuna tsoro a fuskata. Muka shiga ɗakin da yake kwance. Mutumin da na sani ƙato ya koma ƙashi da fata. An yi masa aiki an cire wani sashe na hanjinsa, abin da ya ci kuma ba ya zama.

"'Yata, kin ga ikon Allah," in ji shi, yana murmushi. "Abin da na yi shekaru ina koya muku a allo, ga shi ina yin jarrabawarsa da cikina."

Ya bayyana min dalilin kiran. Taransifomar unguwar ta ƙone tun farkon damina, firij ya zama akwati. Tun daga nan Mama ke raya ƙwayoyin a dafaffiyar madara, tana sauya musu kwalba yadda ya nuna mata. Yana so in kwashe su in kai Kano. A cikinsu akwai guda da ya fi ji da ita, wadda ya samo daga nonon wata Bafulatana a Rido, Inna Jumma. Ita ce ta fi kowace iya daddatsa furotin, kuma ba ta mutuwa a tsamin ciki.

Na kwana a Makera gidan gwaggona. Ta yi tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, na kasa cin na kirki.

Laraba: Barnawa

Da safe na ɗauki kwalaben zuwa wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Barnawa, na wani tsohon ɗalibinsa. Janareta ke ba su wuta. Na wuni a kan madubin duba ƙwayoyi. Wasu kwalaben lafiya lau. Wasu funfuna ta cinye. Ta Rido na bari daga ƙarshe, don tun daga warinta na yi zargin ta lalace. Na duba, na sake shafawa a wani gilashin na duba. Ba ta nan. Wasu baƙin ƙwayoyi sun mamaye kwalbar.

Mai ɗakin ya ba ni shawara in ce wa Baba komai lafiya, tunda ajalinsa ya ƙarato, me za a tayar masa da hankali. A bas ɗin komawa na yi ta juya maganar, har na kusa yarda.

Ina shiga Baba ya dube ni ya ce, "Ta Rido fa?"

Na ce, "Baba, ta mutu."

Mama ta fashe da kuka tana cewa laifinta ne. Ya hana ta, ya ce da ba don ita ba ko ɗaya ba za a samu ba. Sannan ya ce ai ba shi ya halicci ƙwayar ba, aro ya yi daga ƙwaryar wata. Fulani ba sa fara nono daga babu, ragowar na jiya suke zubawa a madarar yau. In Inna Jumma na nan, wataƙila ƙwayar na nan.

Alhamis: Rido

Da sassafe muka kama hanya ni da Mama a wata tsohuwar tasi. Tun daga nesa ake hango harshen wutar matatar mai, tankoki sun yi jerin gwano a bakin titi. Inda Baba ya kwatanta mana rugar, gidajen bulo muka tarar. Muka yi ta tambaya. Wani mai shayi ya tura mu gindin wani mangwaro inda masu tallan nono ke zama, can wata ta ce mana Inna Jumma ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta Dije na bayan rafi.

Da ƙafa muka ƙarasa, ruwa har gwiwa. Dije ta tuna da "malamin kwalabe" da ke zuwa tana yarinya. Na tambaye ta tushen nononta. Ta ce na uwarta ta gada, amma shekarar da cuta ta faɗa wa shanunsu ya yanke, sai da ta roƙo a wurin ƙanwar uwar. Ko ita ƙanwar daga Inna Jumma ta samo, Dije ba ta sani ba. Na ɗiba a kwalabe masu tsabta. Ta cika mana wata 'yar ƙwarya daban, ta ce a kai wa mara lafiya, ta kuma ƙi karɓar komai.

Da muka dawo na gaya wa Baba yadda muka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ce to, sai na gwada zan sani, kuma kada in rubuta cewa ƙwayar da muka rasa ce sai na tabbatar. Mama ta ba shi nonon da cokali. Ya sha kaɗan, muka zauna muna jira. Har la'asar bai dawo da shi ba. Mama ta yi addu'a irin tasu, ni ma na yi tawa.

Da zan tafi na durƙusa gaban gadonsa. Ya ɗora min hannu a ka ya ce, "Ki je, ƙanƙararki na narkewa."

Juma'a: Komawa

Na sayi sabuwar ƙanƙara wurin masu kifi, na hau motar farko daga Kawo. Bayan Zariya wani ɗan sanda ya ce lallai sai na buɗe kular, rana kuwa ta fara zafi. Na ce masa amanar malamina ce da ke kwance. Ya leƙa, ya ga kwalaben nono, ya rufe da hannunsa ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ban bi ta gida ba sai da na kai su ɗakin bincikenmu na shuka ƙwayoyin.

Sun tsiro. A cikin na Dije akwai wata mai kama da wadda muka rasa, amma tabbatarwa aikin watanni ne. Baba bai jira ba. Ana cikin girbin gero saƙon rasuwarsa ya iso ni, ina tsakiyar gwajin.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa gwaggona, da mai ɗakin gwaji na Barnawa, da Dije. Mama Rifkatu kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Da na koma yi mata gaisuwa, tana share hawaye ta ja ni gefe, ba ta tambaye ni komai ba sai, "Ƙwayoyin suna raye?"

Na ce mata suna raye.