Riga Mai Launin Tsatsa

Shekarar da na buɗe shagon walda a ƙofar gidanmu a Kpakungu, wani mai facin taya daga Paiko ya ba ni aikin tankin iska. Na haɗa shi tsaf, na koma gefe ina yaba kaina. Saura gwaji, a ga ko zai jure matsi.

Ƙa'ida a cika shi da ruwa, a matsa da famfon hannu. To rani ne, famfon unguwa ya yi sati biyu ko tari bai yi ba. Na ce bari in aro inji in ɗura masa iska, wa zai sani?

Matata ta sani. Mahaifinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, labarin tukunyar tururi ta sha shi kamar tatsuniya.

Ta ce, "Malam, da iska za ka gwada? Baba ya ce in ɗinkin walda ya saki, ruwa tofi yake yi, iska kuwa harbi."

Raina ya ɓaci, don ba na son a koya mini sana'ata a gaban maƙwabta. Na yi ta faɗa. Duron ruwan da ta kwana uku tana tarawa ta juye a tankin, bokiti bayan bokiti, har ya tumbatsa, iskar ciki ta fita. Ta kwance igiyar shanya ta kewaye wurin, ta kori kowa har akuya. Ni ma sai da ta sa na ƙara tsawon tiyo, na koma bayan katanga.

Ina matsawa a hankali, ina kallon allurar ma'auni. Ta hau, ta hau, sai ta zame. Ɗinkin gindi, wanda na fi taƙama da shi, ya tsage yana tsartuwa. Da da iska na gwada, a daidai wurin nan na yi niyyar tsugunawa in kasa kunne ko zan ji yoyon iska.

Da na sauke matsin, ta tare ruwanta kaf, ta yi wanki da shi. Farar rigata ta Juma'a ta sha tsatsar tankin, ta fito ja kamar ƙasar gona. Na fara ƙorafi, ta yi dariya.

"Sa abinka, Malam. Gara in shanya ta ja, da in ninke ta fara in miƙa wa ƙaninka bayan ranka."

Juma'ar nan da rigar na tafi masallaci.