Ɓarin goron da ya tsira

Shekarun baya, can wajen 1969, ina ɗan makarantar midil a Zongon Kumasi, kai na rawa, baki ba birki. Ina da wani abokina, gidan haya ɗaya muke. Babansa Basakkwace ne, mai ɗaurin goro a kasuwar Kejetia. Da an tashi makaranta sai mu zarce rumfarsa, wai taimako, alhali shinkafa da waken da ake saya wa ma'aikata muke hari.

A rumfar nan muka fara jin labarin babbar hanya. Wai ƙasashe za su haɗa kai su shimfiɗa kwalta daga nan ta ratsa ƙasar Mosi, ta bi Nijar, ta faɗa Sakkwato, kaya su riƙa wucewa ba tsaye-tsaye a iyaka. Kullum sai an yi musu.

Wani direba ɗan Mosi ya ce, "Ranar da aka gama ta, rago zan yanka. Bayana ya gaji da ramuka."

Baban abokina ya ce, "Kai bayanka kawai ka sani. In goro ya isa gida bai ko yi yaushi ba, wa zai nemi mai ɗauri?"

Maame, wata Ba'asantiya da ke kawo goro daga ƙauye, ta ce da Hausarta, "Ku tambaya dai, mota zai tsaya ya saya, ko zai wuce mu?"

Mu kam mun riga mun gama lissafi. Abokina direba, ni karen mota. "Cale" muke kiran juna, wato aboki a bakin 'yan Gana. Na ce masa, "Cale, me ya sa ni ne kare?" Ya ce, "Don ka fi ni haushi." Har sunan da za mu rubuta a goshin motar mun zaɓa.

Ana nan sai doka ta fito, duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Abokina a Zongo aka haife shi, yaren Twi ɗinsa ya fi nawa, amma babansa ba takarda. Mahaifina ɗan arewacin Gana ne, mu muka tsira.

Ranar tafiyarsu Kejetia ta cika da tabarmi da tukwane. Kafin abokina ya hau lori ya ɓara farin goro, ya miƙo min ɓari. Ya ce, "Kar ka ci. In an gama hanya, ka shigo motar farko, mu haɗa mu ci tare."

Na ce, "Wata nawa ne, cale? Sai ka gan ni."

Ko kuka ban yi ba. Na ɗauka hutu za shi.

Na naɗe ɓarin a ganye kamar yadda na ga babansa na yi. Shi yayyafi kawai yake wa huhun goro da yatsu. Ni gwanin gwanaye, safe da yamma sai na sheƙa ruwa, kar amanar abokina ta bushe. Wata rana na buɗe sai ga tsiro. A nan ne kukan ya zo, don na ce shi ke nan, na ɓata alkawari.

Mahaifiyata ta duba, ta yi dariya ta ce, "Wawan yaro, ai bai mutu ba. Tashi mu je." Muka shuka shi a 'yar gonarta, gaba da unguwar Sofoline.

Ban sake jin ɗuriyar abokina ba. Duk wanda ya zo daga Sakkwato na tambaye shi, shiru.

Yanzu jikokina sun koya min waya, har na fi su saurin yatsa. Kwanan nan na ga ana ta musu a kan manyan hanyoyi da kasuwa ɗaya tsakanin ƙasashe, wannan na murna, wancan na tsoro, sak rumfar Kejetia. Ni ban iya musun ba. Na dai ga an cika mota da mutane an fitar da su tun kafin a shimfiɗa wa kaya kwalta. In za a yi, a yi wadda mutum zai bi ya dawo.

Gari ya cinye gonar, amma na hana a sare itacen goron. Duk shekara nakan ware 'ya'yan fari in ɗaure, yayyafi kawai, na koyi hankali.

In kun san wani tsoho a Sakkwato da ke ce wa mutane "cale", ku gaya masa karen motarsa na nan, kuma goro ya nuna.