Mu Ne Daminar Kaka

Wata safiyar Laraba a ƙarshen sanyi, cikin shekarun 1940, ina 'yar shekara tara, muka farka muka tarar kwarinmu ya jiƙe sharkaf. Bukkarmu tana can bayan Arfa, inda Baba yake tsaron rijiya da awakin wani attajirin Makka, kuma in ban da tantin wasu Larabawa makiyaya, sai ka yi ta kira duwatsu ne kawai za su amsa maka. Ruwa ya ɗiɗɗigo ta rufi ya jiƙa mana tabarmi, babu wanda ya damu. Ni da ƙanena Sale muka fita a guje muna tsalle cikin taɓo. Kaka kuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana shaƙar ƙamshin ƙasa, ta ce damina ta sauka, a miƙo mata fartanya.

Da ƙafa Kaka ta zo daga ƙasar Katsina ta hanyar Sudan, da irin gero da kuɓewa da rama da yakuwa a ƙulle cikin tsumma. Duk shekarar da aka yi ruwa sai ta yi shuka irin ta gida, ta zauna jiran ruwa na biyu, shi kuma ya ƙi zuwa. Haka iri ya ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura yakuwa da ba ta cika tafin hannu ba, in ta tafi kuma shi ke nan. A safiyar nan Baba ya lallashe ta kada ta shuka, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ruwan Hijaz ba shi da ƙane." Ta ce, "Irin da ke ƙulle tsufa yake yi kamar ni." Kaka akwai taurin kai, Allah Ya ji ƙanta. Kafin hantsi ta binne shi duka a bayan bukka.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu daɗinsu ba. Kwarin da muka sani ƙurmus ya yi kore shar, awaki suka ƙoshi har nono ya yi mana yawa. Da na gama shara da wanke akusa sai mu bi 'yan matan makiyaya, su koya mana tsinkar wani ganye mai tsami da suke kira hummaid, mu kuma mu koya musu 'yar carafke. Mu jefi magarya, mu cika bakin zane, mu dawo ƙafafu duk ƙaya. Na kai wa Kaka hummaid ɗin ina taƙama na samo mata yakuwar Larabawa. Ta tauna, ta yamutsa fuska, ta ce tsami dai akwai, amma wannan ba ta da tarbiyya.

Yakuwar Kaka ta tsiro, sama kuma ta yi tas. Rana ta fara cizo, ganyen suka langaɓe. Wata la'asar na iske Kaka zaune gaban shukar ta yi tagumi, matar da ko a barci bakinta ba ya hutawa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban taɓa ganin ta haka ba. Can ta ɗago ta dube mu, ta ce, "To, tunda sama ta ƙi, ku ne damina. Yalla, a kawo moya!" Ruwa ke nan da Larabcin can. Nan take ta raɗa mini suna Marka, shi kuma Sale Yayyafi, saboda rabin ruwansa a hanya yake zubewa.

Safe da yamma muna jigila tsakanin rijiya da bayan bukka da gwangwanin kananzir, Kaka tana yi mana kirari muna shan dariya. Muka yi shinge da ƙaya saboda awaki, muka yi wa shukar inuwa da tsohuwar rigar Baba. Shi Baba ya ce babu ruwansa da wannan wahala, amma kullum sai mu tarar ya jawo mana guga ya ajiye. Da yawa cikin tsiron suka mutu, kaɗan suka miƙe, jajayen kara suka kai min ƙugu. Kaka ta hana a taɓa ko ganye ɗaya sai da 'ya'ya suka nuna. Ranar da ta yi miyar yakuwa da tuwon dawa, ta kai loma ta farko tana dariya hawaye na zuba, ta ce yau ta je gida ta dawo. Irin da ta sussuka a faifai ya fi wanda ta ƙetaro teku da shi.

Yanzu kwalta ta ratsa wajen, motocin alhazai suna wucewa Muzdalifa, ko gurbin bukkar ban gane ba. Jikokina a unguwar Kudai ta Makka karkade suke ce wa zoɓo, a kanti suke sayo shi, in na yi musu Hausa su amsa da Larabci. Ni dai duk ƙarshen sanyi ina shuka jikokin irin nan a gwangwanaye bisa soro, in murɗa famfo in ba su ruwa ba tare da na yi gumi ba. Ruwa ya yi sauƙi, mai kirana Marka ce babu.