Wayar da Na Ja wa Ɗakin Aladu

Na zo Kafanchan da zani biyu da tukunya ɗaya, a shekarar da aka ƙone ƙauyenmu, can bayan Manchok. Mijina bai fito ba. Ba zan yi maganar wannan ba.

Ɗan ƙanwata ya ba ni fili a bakin gari, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Na yi ɗaki biyu da bulon ƙasa, na rufa kwano. A baya na gina wa aladu nasu, katanga iya ƙirjina. Kiwon alade shi ne abin da na iya. Na fara da mace ɗaya. Cikin shekara uku sun zama tara.

Wanda ya sa mini wutar lantarki a gidan ɗan cocinmu ne, mutumin Madakiya, yana cikin mawaƙa. Kowa Injiniya yake ce masa. Ranar da ya yi aikin babu wuta a garin gaba ɗaya. Amma duk wayar da zai kama sai ya fara dangwala mata testa, ɗan abin gwajin nan da yake saƙalewa a aljihu kamar biro.

Na ce, "Ɗana, me kake gwadawa? Tun jiya babu wuta."

Ya ce, "Mama, ni ban san lokacin da za su kawo ba. Ke sun gaya miki?"

"Tsoro ne kawai."

"Tsoro ne. Shi ya sa yatsuna goma har yau."

Da ya gama ya nuna mini inda ake kashe wutar gidan. Ya ce kada in taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Ya ce in wuta ta kama mutum a gabana, kada in kama shi da hannu, ko da ɗana ne, sai mu zama biyu. In nemi busasshen itace in raba shi da wayar. Na ce na ji. Hankalina yana kan tuwon da na ɗora.

Maƙwabciyata mai burkutu ce. Maman 'yan biyu muke ce mata, ko da yake 'yan biyun sun yi gemu, suna aikin acaba. Ta girme ni kaɗan, kuma kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Ni 'yar zumuntar matan coci ce, ba na shan abin da take dafawa. Amma dusar da take ragowa in ta tace, aladuna suna sonta fiye da komai. Duk Laraba da Asabar, bayan rana ta raba, sai ta ɗauko ta a babban kwanon ƙarfe, ta zagaya bayan gidana, ta jingina da katanga ta juye musu a rabin durom. Ba ta jira na.

In ta same ni sai ta ce, "Mai aladu, 'ya'yanki sun fi ki sanin daɗi."

In ce, "Su ba za su tsaya gaban Ubangiji ba. Ke za ki tsaya."

"In na tsaya zan ce ke kika aiko ni."

Haka muke. Ita ce ta fara ba ni gishiri da na zo unguwar.

Sai aka fara sata. An ɗauke mini aladu biyu a tashi ɗaya. Na wayi gari na ga sawun takalma da jini kaɗan a kan katanga. Na gaya wa mai unguwa, ya ce Allah ya mayar. Bayan wata biyu aka dawo, aka ɗauki uwarsu, da cikinta. Wadda na fara da ita. Ban yi kuka ba. Na zauna a bakin ƙofa har rana ta yi zafi. Abin da nake ji shi ne, an taɓa shigowa an kwashe mini komai ina gudu. Wannan karo ba zan gudu ba.

Ranar Lahadi bayan sujada na tare Injiniya a bakin coci. Na ce ina so ya ja mini waya marar riga a saman katangar aladu, ya haɗa ta da wutar ɗaki.

Ya dube ni. Ya ce, "Mama, kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani."

"Kisa ne."

"Ɓarawo ne."

"Waya ba ta san ɓarawo ba. Duk wanda ya taɓa, nata ne. Yaro ne, fasto ne, ke ce."

"Da yamma zan sa, da safe in cire."

"Wata rana ba za ki cire ba."

"Ni ba na mantuwa."

Ya ce zai sa mini ƙwan fitila mai haske a bayan gida, kyauta. Ya ce in nemi kare. Ya ce ko ƙofar ƙarfe, yana da aboki mai walda. Na ce masa fitila ba ta hana kowa shiga ƙauyenmu ba, karnuka kuma su aka fara kashewa.  Sannan ya ce, "Hannuna ba zai yi wannan ba. Kuma in na ji wani ya yi miki, zan zo in tsinke."

Ban nemi wani ba. Na ga yadda ya yi aiki a gidana, kuma akwai ragowar wayar da ya bari. Ni na ja ta da kaina, ta taga. Ba zan faɗi yadda na yi ba. Da yamma in cusa fulogi a soket ɗin da yake bayan buhun masara. Da safe, kafin in wanke fuska, in zare.

Laraba ta farko Maman 'yan biyu ta zo da dusa, ta ɗora hannu a kan wayar, ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ta shanya ce."

"A kan aladu za ki shanya zani? Lallai zumunta za ta ji ƙamshi."

Na yi dariya tare da ita.

Wata huɗu ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ba a kuma sake sata ba. Ban sani ba ko wani ya taɓa ya ji, ko dai ba su zo ba ne. Na riƙa barci kamar mutum.

Sai damina ta yi ƙarfi, tiransifoman unguwarmu ya lalace. Da yamma na sa fulogi kamar kullum. Da safe na danna makunni, fitila ba ta kama ba. Na ce a raina, babu wuta, bari in fara ba aladu ruwa in dawo in cire. Ban dawo ba. Washegari ma babu wuta. Aka ce sai an haɗa kai an je an yi magana. Mako ya wuce. Na ƙara buhu ɗaya a gaban soket ɗin, na daina ganinsa. Tsoron ɓarayi ya dawo mini, tunda na san wayar ba ta aiki. Abin da nake tunani ke nan. Fulogin kuwa yana ciki.

Kwana goma sha biyu. Ranar Asabar ce. An yi ruwa da safe, ƙasa ta jiƙe. Na kulle ɗaki na kai dawa injin niƙa a bakin titi. Ina tsaye a layi, sai na ji yara sun ɗauki ihu daga wannan gida zuwa wancan: "An kawo wuta! An kawo wuta!" Rediyoyi suka tashi. Matar da take gabana ta ce, "Mun gode wa Yesu."

 Ni kuma na ga buhun masara a idona. Na ga abin da yake bayansa. Na tuna ranar Asabar ce, rana kuma ta raba.

Na bar dawar a nan. Na yi gudu. Rabona da gudu irin wannan tun ranar ƙauye. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, na bar shi.

Da na karya kwanar layinmu na hango ta. Kwano a kai, babu takalmi, tana shiga ta gefen gidana. Na yi ihu, "Maman 'yan biyu! Tsaya! Kada ki taɓa!" Duk unguwa tana ihu, kuma kunnenta marar ji ne yake wajena. Ta juyo ta gan ni ina gudu, ɗankwali ya faɗi. Ta yi dariya, ta ɗaga mini hannu, ta wuce.

Ina isa tana sauke kwanon a kan katanga.

Ba ta yi kuka ba. Jikinta ne ya miƙe. Hannunta na dama ya damƙe wayar, ba ta iya saki. Dusa ta zube mata a ƙafa. Aladu suna ihu.

Ɗaki a kulle yake, makulli yana ɗaure a bakin zanina. Babu lokaci. Na miƙa hannu zan kama ta, sai maganar Injiniya ta tsaya mini. Taɓaryata tana jingine a ƙarƙashin rufin kwano, inda ruwa bai kai ba. Na ɗauka na buga mata a hannu da duk ƙarfina. Na ji ƙashi ya amsa. Ta faɗi baya cikin laka.

Tana numfashi. Idonta a buɗe, ba ta ganin kowa.

Kafin mutane su taru na buɗe ɗaki, na ture buhu, na zare fulogi. Na jawo wayar da ta bi ta taga na cusa a ƙarƙashin gado. Na yi wannan kafin in koma kanta. Dole in faɗa, domin haka aka yi.

'Yan biyun suka kai ta asibiti. Ta rayu. Tafin hannun ya ƙone, yatsu uku suka lanƙwashe ba su sake miƙewa ba. Wuyan hannun kuma ni na karya shi.

Mutane suka ce wuta ce ta bi kwanon rufi saboda ruwa. Wasu suka ce masu gyaran tiransifoma ne suka haɗa ba daidai ba. Ban ce komai ba. Aka riƙa zuwa gaishe ni. A coci 'yan biyun suka fito gaba suka yi godiya, suka ce in tashi tsaye a gan ni, matar da ta ceci uwarsu. Na tashi. Aka tafa. Injiniya yana cikin mawaƙa, hannunsa a cinya.

Ranar Litinin ya zo da jakarsa. Bai gaishe ni da kyau ba. Ya zagaya baya, ya dubi katanga, ya dubi taga inda waya ta goge ƙasa ta bar layi. Ya shiga ɗaki ya ɗaga buhu. Ya kashe wutar gidan, ya dangwala testa, ya cire soket ɗin gaba ɗaya, ya rufe ramin.

Ya ce, "Mutane suna cewa aikina ne. Wai ban sa wa gidan nan waya da kyau ba."

Na ce, "Ban ji ba."

"Ba wannan ne ya kawo ni ba. Mama, matar nan tana yi miki addu'a safe da yamma."

"Za ka faɗa?"

"Ni wayar na zo cirewa. Sauran naki ne."

Ya naɗe wayar katanga ya sa a jaka. A bakin ƙofa ya ce, "Taɓaryar dai kin yi daidai." Ya tafi.

Na yi kwana shida ban je wurinta ba. Ranar da na je, tana zaune a gindin mangwaro, hannu a ɗaure. Tukwanenta a kife. Ba a dama burkutu da hannu ɗaya.

Na tsaya a gabanta, ta wajen kunnen da yake ji. Na ce, "Wayar nan ba ta shanya ba ce. Ni na sa mata wuta, saboda ɓarayi. Na manta ban cire ba."

Ta kalli hannunta.

Ta ce, "Na sani. Ina kwance a laka na ga ta tana shiga ta tagarki kamar maciji."

Na durƙusa a gabanta.

"Na tambaye ki, kika ce ta shanya ce. Har muka yi dariya."

"Haka ne."

"Mantuwar ba ta dame ni ba. Kowa yana mantuwa. Amma da kin ce, 'yar'uwa, kada ki taɓa nan, da ban taɓa ba. Wata huɗu ina ɗora hannu."



Ta ce, "Yarana ba su sani ba. Kada ki gaya musu. Suna da fetur a babur, kuma an riga an ƙone miki gida ɗaya."

Na ce, "Me zan yi?"

Ta nuna tukwanen da haɓa. "Dawa tana jiƙe tun shekaranjiya. Ga muciya can."

Tun ranar ni nake dama mata. Shugabar zumunta ta kira ni ta ce ba a ganin mace ta coci a bakin tukunyar giya. Na ce mata ta cire sunana in tana so. Ba ta cire ba, ba ta kuma sake ba ni karatu ko waƙa ba. Na je wurin mai unguwa na ce aikin Injiniya ba shi da laifi, kowa ya daina faɗa. Ya tambaye ni to mene ne. Na ce ni dai na faɗi nawa.

An sake ɗauke mini alade ɗaya bara. Na wanke jinin katanga, na ba sauran abinci.

Dusa ni nake ɗaukowa yanzu, Laraba da Asabar. Maman 'yan biyu ba ta sake taka bayan gidana ba. Muna gaisawa, muna aiki, in ta yi miya tana aiko mini. Amma ba ta ƙara ce mini mai aladu ba. Maƙwabciya take cewa.