Muanacha Selemane, Mai Fasa Yazawa a Angoche

Asalinta

A shekarar 1951 aka haifi Muanacha a garin Angoche na gaɓar tekun Mozambik. Mahaifinta Selemane Amisse masunci ne, mahaifiyarta Atija kuwa rogo take nomawa.

Aiki da aure

A 1969 ta kama aiki a masana'antar fasa yazawa, inda man ɓawo ke cin fatar hannu kamar wuta, kuma a shekarar ta auri Ussene Braimo. Bayan samun 'yanci hukuma ta karɓe masana'antar, ta yanka wa kowa albashi bisa matakinsa da daɗewarsa. Ba wani abin kirki ba ne, a makare ma yake zuwa, amma a lokacin tsufa a bakin aiki daraja ce.

Zamanin kasuwa

A 1995 aka sayar wa wani attajiri masana'antar, aka shelanta cewa daga yanzu kasuwa ce za ta yanke lada. Kasuwar banza! Manufar ita ce a soke albashin wata, a biya mace gwargwadon ƙwayar da ta fitar ba ta karye ba. Yatsun Muanacha sun riga sun ƙandare a hidimar wurin, don haka wadda ta fi kowa daɗewa ta wayi gari ta fi kowa ƙarancin lada. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Ta haɗa kan tsofaffin ma'aikata suka ƙi shiga. Manaja ko muryarsa bai ɗaga ba, ya aika unguwa a kwaso 'yan mata masu sabon hannu a rabin farashi. Lokacin Ussene na kwance ba lafiya, gidan ko garin rogo babu. Cikin waɗanda suka zo wucewa ta gabanta a bakin ƙofar masana'antar har da 'yarta Ancha.

"Mama, to me za mu ci?" in ji Ancha, kai a sunkuye.

"Shiga," in ji uwar. "Ki dinga shafa man kwakwa a hannun nan. Shi suka saya, ba ke ba."

Rasuwarta

Ba ta sake taka masana'antar ba har ta riga mu gidan gaskiya a 2009. An yi jana'izarta a unguwar Inguri, kuma daga masana'anta ko ta'aziyya ba a aiko ba. Ta bar 'ya'ya uku: Abacar, masunci, Zainabo, tana aure a Nampula, da Ancha, wadda aka sallama daga aiki ana saura wata biyu rasuwar, saboda hannunta ya fara karya ƙwaya.