Lambar Fijon Baba Ta Bi 'Yan Gwangwan

Jama'a ku taimaka, motar marigayi Baba na neman kuɓuce min!

Kun san tsohuwar fijonsa da na sa aka sauya wa inji da fenti. Yau na kai ta a duba lafiyarta, don a yi mata rajistar motar tarihi da inshora. Birki lafiya, fitilu lafiya. Sai jami'in da ke dubawa ya ɗaga bonet ya ce, "Malam, ina lambar bodi?" Na leƙa inda kamfani ya buga lambar a jikin motar, wurin sumul, sabon ƙarfe!

Ya ce a nan bakin iyaka, mota marar lamba ta fasa-ƙwauri ce, ba inda za ta.

Na haye acaɓa sai garejin Sale mai walda, wanda ya gyara bodin kafin fenti. Wai, "Yallaɓai, ai wurin tsatsa ta cinye, na yanke na sa maka sabo. Kyauta ma na yi maka!" Innalillahi! Na ce ina guntun? Ya sayar wa 'yan gwangwan, jar tirelarsu ta kama hanyar Kano tun hantsi.

Don Allah wanda ke Kazaure ya tare min jar tirela mai lodin ƙarafa. Ko duka za a sauke, da hannuna zan sauke!